Yadda Kuromosom Ke Rabuwa Wajen Samar da Ƙwayoyin Haihuwa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da lura da cewa ɗa yakan ɗauko kamannin iyayensa, shi ya sa ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya kuma lura da cewa shaƙiƙai, uwa ɗaya uba ɗaya, sukan fito kowa da irin tasa kama: wani dogo, wani gajere, wani ya biyo dangin uwa, wani dangin uba, wani ma ya tsallake su duka ya ɗauko kakansa. Waɗannan abubuwa biyu, watau kama da bambanci, tushensu ɗaya ne, kuma yana cikin wata irin rabuwa ta musamman da ƙwayoyin halitta ke yi a lokacin da jiki ke shirya maniyyi ko ƙwan mace.

Matsalar da wannan rabuwa ke warwarewa ta lissafi ce. A cikin kowace ƙwayar halitta mai cibiya ta jikin ɗan Adam akwai kuromosom 46. Da a ce uba zai ba ɗansa 46 ɗin nan duka, uwa ma ta ba da nata 46, to da ɗan ya tashi da 92, jika kuwa da 184, haka abin zai yi ta ninkuwa har ya gagari ƙwaya ɗauka. Tun da yake ba haka ake gani ba, ashe ke nan akwai inda ake rage adadin zuwa rabi kafin haɗuwar maniyyi da ƙwai. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda ragin ke aukuwa mataki-mataki, da abin da yake haifarwa idan ya tafi daidai, da kuma abin da kan biyo baya idan aka sami kuskure.

2.0 Bayanin Kalmomi

Ƙwayar halitta ita ce tubalin da aka gina jikin duk wani mai rai da shi, kuma ba a ganinta sai da madubin ƙara girma. A tsakiyarta akwai cibiya, a cikin cibiyar kuma akwai wasu zaruruwa na sinadarin DNA waɗanda aka nannaɗe da furotin. Kowane zare guda shi ne kuromosom. Da za a warware na ƙwaya ɗaya a jera su baki da baki, da tsawonsu ya kai wajen mita 2. A jikin zaruruwan nan ne saƙonnin gado suke, watau bayanan da ke tsara launin fata da nau'in jini da sauran siffofi. A ɗan Adam waɗanda ke ba da umurnin ƙera furotin sun kai kimanin 20,000.

Kuromosom 46 ɗin nan bibbiyu suke, watau gami 23. A kowane gami, ɗaya daga uwa ya zo, ɗaya daga uba, kuma tsawonsu da jerin saƙonninsu iri ɗaya ne, ko da yake abin da saƙon ya ƙunsa yana iya bambanta. Za a kira irin waɗannan biyun takwarori. Idan ƙwaya ta tashi rabuwa, kowane kuromosom yakan kwafi kansa ya zama sili biyu manne da juna; za a kira waɗannan tagwaye. Wajibi ne mai karatu ya riƙe bambancin nan, domin a kansa dukan bayanin ya rataya: takwarori kama suke yi, tagwaye kuwa kwafin juna ne. Kowane kuromosom yana da wani wuri tsukakke da za a kira ƙugu, abin da ya miƙe sama da ƙasa da ƙugun kuwa su ne hannuwa.

Rabuwar ƙwaya iri biyu ce. Akwai mitosis, wadda za a kira rabuwar daidaito, domin ƙwaya mai 46 tana haifar da biyu masu 46 kowace. Da ita jiki ke girma, da ita kuma rauni ke warkewa. Sa'an nan akwai miyosis, wadda asalin sunanta daga Girkanci yake da ma'anar ragewa, don haka za a kira ta rabuwar ragi. Ita ce abin nazari a nan.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

A shekarar 1866 aka buga sakamakon binciken Gregor Mendel, wani limamin Kirista a birnin Brno, wanda ya shafe shekaru yana barbarar wake irin na Turai. Ya nuna cewa kowace siffa tana da saƙo biyu a jikin tsiro, amma ɗaya kaɗai ke shiga kowace ƙwayar haihuwa. Mendel bai san inda saƙonnin suke zaune ba, aikin nasa kuma ya kwanta ba mai waiwayarsa sai a 1900.

A tsakanin nan masu duban ƙwayoyi da madubi suna nasu aikin. Walther Flemming na Jamus ya bayyana rabuwar daidaito a 1882. A 1883 Edouard van Beneden na Beljiyam, yana nazarin wata tsutsa da ke zama a hanjin doki, ya ga cewa ƙwai da maniyyi kowanne rabin adadin kuromosom yake kawowa. A 1887 August Weismann ya kafa hujja da cewa tilas ne a sami rabuwa mai rage adadi a duk halittar da ke haihuwa ta hanyar jinsi biyu. Sai a 1902 da 1903 Walter Sutton, wani ɗalibi a Amurka da ke nazarin ƙwayoyin maniyyin fara, ya haɗa zaren biyu: ya nuna cewa yadda takwarori ke haɗuwa su rabu ya yi daidai da yadda Mendel ya ce saƙonnin gado ke rabuwa. Theodor Boveri a Jamus ya kai ga irin wannan matsayi ta wata hanyar. Sunan miyosis kuwa Farmer da Moore suka raɗa shi a 1905.

Adadin kuromosom na ɗan Adam ya daɗe a kan kuskure, ana cewa 48 ne, har sai da Joe Hin Tjio da Albert Levan suka tabbatar da 46 a birnin Lund na ƙasar Suwidin a 1956. Su kuwa sinadaran da ke ɗaure kuromosom da masu kwance su, sai daga 1997 zuwa 2004 aka gano mafi yawansu, galibi ta hanyar nazarin yis.

4.0 Matakan Rabuwar Ragi

Dabarar ragin a taƙaice ita ce: kwafi sau ɗaya, rabuwa sau biyu. A rabuwar farko takwarori ke rabuwa da juna, a ta biyu kuma tagwaye.

4.1 Kwafi da ɗauri

Kafin a fara komai, ƙwayar da za ta yi ragi takan kwafi dukan kuromosom ɗinta. Har yanzu 46 ne, amma kowanne ya zama tagwaye, watau sili 92 ke nan. Tagwayen ba a barinsu sake. Akwai wani furotin mai suna kohesin, mai siffar zobe, wanda ke zagaye sili biyun ya riƙe su tare. Zobban suna jere tun daga ƙarshen wannan hannu, su ratsa ƙugu, har ƙarshen wancan hannu, kamar yadda ake ɗaure kara biyu da igiya a wurare da dama. Zoben da ake amfani da shi a rabuwar ragi yana da wani yanki nasa na daban mai suna Rec8, wanda shi ne wurin da za a yanka idan lokaci ya yi.

4.2 Haɗuwar takwarori da musaya

Mataki na biyu shi ya fi kowanne ɗaukar lokaci. Dole kowane kuromosom ya nemo takwaransa a cikin cunkoson cibiya: na 1 da ya zo daga uwa ya sami na 1 da ya zo daga uba, haka har zuwa na 23. Hanyar neman tana da ban mamaki, domin da gangan ƙwaya ke tsinka zaruruwanta. Wani furotin mai suna Spo11, wanda aka gano aikinsa a 1997, shi ke datse DNA a wurare masu yawa. A ɓera an ƙiyasta sun kai 200 zuwa 300 a ƙwaya ɗaya. Bakin da aka datse yakan shiga laluben inda jerin saƙonsa ya dace da nasa, ya same shi a jikin takwara, ya yi amfani da shi wajen gyara kansa. Ta haka takwarori ke kusantar juna, sa'an nan wani gini na furotin mai kama da tsani ya shiga tsakaninsu ya manne su daga kai har ƙafa. Montrose Moses ne ya fara ganin wannan tsani a 1956.

Mafi yawan wuraren da aka datse akan ɗinke su ba tare da wani babban canji ba. Amma a kaɗan daga ciki, ɗinkin yakan zama na musaya: silin uwa ya yanke a wani wuri ya ci gaba da guntun silin uba, shi ma na uban ya ci gaba da guntun na uwa. Wurin da aka yi musayar yakan bayyana a madubi kamar zare biyu da suka gitta juna, kuma Frans Janssens na Beljiyam ya bayyana shi a 1909; ana kiransa kiyazma, a nan kuwa za a ce magitta. A 1931 Harriet Creighton da Barbara McClintock suka tabbatar, ta hanyar nazarin masara, cewa musayar siffofin gado tana tafiya tare da musayar guntayen kuromosom na zahiri. A ƙwayar namijin ɗan Adam akan sami magitta wajen 50, a ta mace kuwa sun fi haka. Ƙa'idar ita ce kowane gami ya sami aƙalla guda.

Amfanin magitta ya wuce cakuɗa gado. Bayan tsanin ya rushe, ita ce kaɗai ke riƙe takwarori tare, kuma ga yadda riƙon yake. Guntun silin uwa da ya koma jikin silin uba har yanzu yana cikin zobban da suka ɗaure shi da tagwaininsa na asali, wanda ke jikin kuromosom ɗin uwa. Saboda haka duk wanda ya ja ƙugun uba gabas, ya ja ƙugun uwa yamma, zai tarar ba su rabuwa, domin zobban da ke kan hannu, daga magitta zuwa ƙarshe, sun hana. Magitta da zobba ke nan suka haɗu suka zama ɗauri guda. In babu ɗaya, ɗayan ba ya riƙo.

4.3 Jeruwa a kan mazari

Daga nan sai bangon cibiya ya narke, wasu siraran zaruruwa na furotin su fito daga ɓangarori biyu na ƙwayar su nufo tsakiya. Siffar da suke yi, mai kauri a tsaka da tsini a kowane ƙarshe, ta yi kama da mazarin kaɗi wanda aka cika da zare, kuma da sunan mazari masana suka san ta. A ƙugun kowane sili akwai wani mariƙi na furotin, wanda zaren mazari ke kamawa ya ja.

A rabuwar daidaito mariƙan tagwaye sukan juya wa juna baya, ɗaya ya kalli wannan ƙarshen mazari, ɗayan ya kalli wancan. A rabuwar ragi ta farko kuwa sukan haɗa kai su fuskanci ƙarshe ɗaya, su yi aiki tamkar mariƙi guda. Sakamakon haka tagwayen uwa duka biyu suna jawuwa zuwa ɓangare ɗaya, na uba kuma zuwa ɗaya ɓangaren.

To, ƙwaya ba ta da ido, ta yaya take sanin an kama daidai? Amsar tana cikin ɗamewar zare. Idan zaruruwan ɓangarori biyu suka kama takwarori ɗaya-ɗaya suna ja, magitta kuma tana hanawa, sai ja-in-ja ta auku, zaren ya ɗame, kamun ya yi ƙarfi. Idan kuwa ɓangare ɗaya ne ya kama takwarorin duka biyu, babu mai ja da shi, zaren yana nan sako-sako, sai wani sinadari da ke zaune a ƙugu ya saki kamun a sake gwadawa. Bruce Nicklas da Carol Koch sun nuna wannan a 1969 da ƙwayoyin maniyyin fara. Sun sami gamin da aka kama bisa kuskure, suka sa wata siririyar allurar gilashi suka ja shi baya har zaren ya ɗame. Sai kamun kuskuren ya zauna daram muddin allurar na ja, da suka saki kuwa ya kwance ya gyaru. Tufka da warwara, wadda Bahaushe ke ɗauka aikin banza, a nan ita ce hanyar gyara.

Har ila yau akwai wani tsaro. Duk mariƙin da zare bai kama ba yakan riƙa fitar da wata alama mai hana a ci gaba. Sai an kama na ƙarshe alamar ke ɗaukewa. A lokacin ne za a ga gami 23 sun jeru a tsakiyar mazari. Ɓangaren da kuromosom ɗin uwa ya fuskanta a wani gami bai shafi na wani gamin ba. Kowane gami da tasa sa'ar.

4.4 Yanke ɗauri na farko

Da alamar hani ta ɗauke, sai a saki wani sinadari mai yanka, mai suna separes, wanda a da wani furotin ke riƙe da shi kamar wuƙa a cikin kube. Kim Nasmyth da abokan aikinsa ne suka nuna a 1999 cewa yanka zoben kohesin shi ke sakin tagwaye. Separes yakan bi hannuwan kuromosom ya yanke zobban da ke kansu. Da zobban hannu suka tafi, magitta ba ta da sauran abin riƙo, sai takwarori su rabu, mazari ya ja kowanne zuwa ɓangarensa.

Da a ce wuƙar ta yanke zobban duka a wannan karo, da tagwaye ma sun watse, rabuwa ta biyu ta rasa abin da za ta yi lissafi da shi. Abin da ke hana haka shi ne wani furotin da ke tsare zobban ƙugu. Yoshinori Watanabe da abokan aikinsa a Japan suka gano shi a 2004, suka sa masa suna shugoshin, watau mai tsaro a harshen Japananci. Separes ba ya iya yanka Rec8 sai an yi masa wata shaida ta sinadarin fosfet. Shugoshin kuwa yakan ajiye wani sinadari a ƙugu mai goge shaidar da zarar an yi ta. Ta haka zobban ƙugu ke tsira. Ƙwaya ta rabu biyu ke nan, kowace da kuromosom 23, kowane kuromosom kuma har yanzu tagwaye ne manne a ƙugu. A nan ragin ya auku.

4.5 Rabuwa ta biyu

Ba a sake yin kwafi. Sabon mazari yakan kafu a kowace ƙwaya, a wannan karon mariƙan tagwaye su juya wa juna baya kamar yadda suke yi a rabuwar daidaito. Zobban ƙugu da aka tsare su ne ke ba da turjiyar da zare zai ɗame a kanta. Idan kowa ya jeru, tsaron shugoshin ya kau, separes ya yanke sauran zobban, tagwaye su rabu. Lissafin ya cika: ƙwaya ɗaya mai sili 92 ta zama biyu masu 46, sa'an nan huɗu masu 23 kowace.

5.0 Bambancin Namiji da Mace

Matakan nan ɗaya ne a jinsi biyun, amma lokacinsu ya sha bamban. A namiji rabuwar ragi tana farawa da balaga, a cikin 'ya'yan maraina, tana kuma ci gaba har tsufa. Kowace ƙwaya tana ba da ƙwayoyin maniyyi huɗu, kuma daga fara shirinsu zuwa kammalawa wata biyu ne da 'yan kwanaki.

A mace kuwa tun tana cikin mahaifiyarta ƙwayayenta ke fara ragin. A wajen wata na biyar na ciki adadinsu yakan kai miliyan 6 zuwa 7. Lokacin haihuwa sun ragu zuwa miliyan 1 ko 2, lokacin balaga kuma dubu ɗari uku ko huɗu. Waɗanda za su nuna su fito a tsawon rayuwarta ba su wuce 400 zuwa 500 ba. Kowannensu ya riga ya yi haɗuwar takwarori da musaya kafin a haife ta, sa'an nan ya tsaya cik. Ba ya ƙarasa rabuwar farko sai a watan da zai fito, bayan shekara 13 ko 30 ko 45. Daga nan ya sake tsayawa a tsakiyar rabuwa ta biyu, ba ya ƙarasa ta sai maniyyi ya shige shi. Bugu da ƙari, rabon ba daidai ake yinsa ba: ƙwai ɗaya ke kwashe kusan dukan abincin ƙwayar, sauran kuromosom ɗin kuwa a tura su cikin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ke lalacewa.

6.0 Abin da Rabon Ke Haifarwa

Tun da kowane gami yana da hanya biyu ta fuskantar mazari, gami kuma 23 ne, yawan haɗin da mutum ɗaya zai iya samarwa shi ne 2 a ninka ta da kanta sau 23, watau 8,388,608. Idan aka haɗa na miji da na mata, adadin ya haura tiriliyan 70. Wannan kuwa ba a sa musayar da ake yi a magitta a lissafi ba, wadda ke sa kusan kowane sili ya zama gaurayen na kaka da na kaka. Dalili ke nan da ya sa ba a samun shaƙiƙai biyu masu gado iri ɗaya sak, in ban da tagwayen da suka fito daga ƙwai guda.

Gami na 23 shi ke tsara jinsi. Mace tana da X biyu, namiji kuwa X da Y. Ko da yake X da Y sun bambanta ƙwarai, suna da wani ɗan yanki iri ɗaya a ƙarshensu inda suke yin magitta, su rabu kamar sauran. Kowane ƙwai X yake ɗauke da shi, maniyyi kuwa rabi X rabi Y. Ashe ke nan ƙwayar maniyyin da ta riga isa ita ke sa a sami mace ko namiji. Matar da ake yi wa gori, ko a yi mata kishiya, don tana haihuwar 'ya'ya mata zalla, ana ɗora mata alhakin abin da ba daga ƙwanta ya fito ba; shi ma mijin ba shi da ikon zaɓi a kai.

Haka kuma ciwon sikila, wanda aka fi sani da amosanin jini. Saƙon da ke jawo shi yana kan kuromosom na 11. Mai rukunin AS yana da lafiyayyen saƙo a kan takwara ɗaya, da na sikila a kan ɗayan, don haka rabuwar ragi takan sa A a rabin ƙwayoyin haihuwarsa, S a ɗaya rabin. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zama SS, kashi 2 cikin 4 na zama AS, da kashi 1 cikin 4 na zama AA. Abin lura shi ne kowane ciki sabon rabo ne. Haihuwar ɗa mai SS ba ta nufin ukun da za su biyo baya sun tsira. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa kashi 24 cikin 100 na 'yan Nijeriya suna ɗauke da saƙon S, kuma ana haihuwar yara wajen 150,000 da ciwon a kowace shekara. Gwajin jini kafin aure a kan wannan lissafi ya ginu.

7.0 Idan Rabon Ya Kuskure

Wani lokaci takwarori ko tagwaye sukan ƙi rabuwa su tafi ɓangare ɗaya, sai a sami ƙwayar haihuwa mai 24 da wata mai 22. Calvin Bridges ya yi cikakken bayanin irin wannan kuskure a 1916 a jikin ƙudan 'ya'yan itace. A ɗan Adam mafi yawan cikin da aka samu da irin wannan ƙwaya ba ya zama. Kimanin rabin ɓarin da ake yi a watanni ukun farko yana da nasaba da matsalar kuromosom, kuma ƙarin kuromosom na 16 na daga cikin waɗanda aka fi gani. Sanin wannan yana da amfani, domin sau da yawa akan danganta ɓari da aikin da mace ta yi, ko abin da ta ci, ko sammu, alhali al'amarin ya riga ya auku tun a cikin ƙwai ko maniyyi.

Akwai 'yan kaɗan da ake haihuwa da rai. Wanda aka fi sani shi ne ƙarin kuromosom na 21, wanda ke kawo larurar Down. John Langdon Down ya siffanta ta a Ingila a 1866, amma sai a 1959 Jérôme Lejeune da Marthe Gautier da Raymond Turpin suka nuna a Faransa cewa masu ita kuromosom 47 gare su. Akwai kuma ƙarin na 18 da na 13, waɗanda suka fi tsanani, da mace mai X ɗaya tak, da namiji mai X biyu da Y.

A kusan kashi 90 cikin 100 na masu larurar Down, ƙarin daga ƙwai ya zo, kuma yiwuwarsa na ƙaruwa da shekarun uwa: wajen 1 cikin 1,500 a shekara 20, 1 cikin 350 a shekara 35, 1 cikin 100 a shekara 40, da 1 cikin 30 a shekara 45. Babban dalilin da bincike ya nuna yana komawa ga zobban kohesin. An sanya su tun mace tana ciki, kuma gwaje-gwajen da aka yi da ɓeraye sun nuna ba a sabunta su bayan haka. Shekaru na tafiya suna zubewa kaɗan-kaɗan, har magitta ta saki kafin lokaci, ko tagwaye su rabu tun a rabuwar farko. Gamin da tun asali bai sami magitta ba, ko ya same ta can kusa da ƙarshen hannu inda zobba kaɗan ne ke riƙe da ita, shi ya fi shiga haɗari. Ga shi kuma tsaron da ke hana ci gaba kafin a gama kamu ya fi rauni a ƙwai bisa ga sauran ƙwayoyi. Duk da haka, mafi yawan 'ya'yan da mata masu shekara 40 ke haifa lafiyayyu ne, kuma ana samun larurar a wurin masu ƙananan shekaru ma. Babu wani abu da uwa ta aikata ko ta bari wanda ya jawo ta.

8.0 Misali Daga Dabbobi da Tsirrai

Kowace halitta da nata adadin: gero 14, albasa 16, dawa da masara 20 kowanne, wake 22, tunkiya 54, saniya da akuya 60, raƙumi 74. Duka adadi ne mai rabuwa biyu, domin kowane kuromosom yana bukatar takwara. A tsirrai rabuwar ragi tana aukuwa a cikin fure, kuma bununin da ake gani a kan gero daga gare ta ya samu.

Alfadari shi ke nuna abin da kan faru idan babu takwara. Doki yana da 64, jaki 62. Goɗiya ta ba da 32, jaki ya ba da 31, alfadari ya tashi da 63. Rabuwar daidaito ba ta bukatar haɗa takwarori, saboda haka jikinsa ke girma da ƙarfi. Amma idan aka zo ragi, kuromosom ɗin doki da na jaki sun bambanta a tsari da adadi, ba sa haɗuwa yadda ya kamata, sai aikin ya tsaya. Shi ya sa alfadari ba ya haihuwa, sai fa 'yan matan alfadarai ƙalilan da aka taɓa samu nan da can. Ayabar da ake ci ma haka take: kuromosom 33 gare ta, uku-uku maimakon bibbiyu. Uku ba ta rabuwa biyu daidai, wannan na daga cikin dalilan da ba ta yin iri, sai dai a dasa 'ya'yan da ke tsirowa a gindinta.

9.0 Kammalawa

An ga cewa rabuwar ragi ta dogara ga abubuwa huɗu masu bin juna: zobban da ke ɗaure tagwaye, magittar da ke haɗa takwarori, mariƙan da ke fuskantar ɓangare ɗaya a karon farko, da kuma yanke zobba kashi biyu, na hannu tukuna sa'an nan na ƙugu. Idan huɗun nan suka cika, kowace ƙwayar haihuwa takan sami kuromosom 23, ɗaya daga kowane gami, haɗuwar biyu kuma ta mayar da 46. Daga wannan tsari ne kamannin iyaye ke isa ga 'ya'ya, daga gare shi ne kuma bambancin shaƙiƙai ke fitowa. Malamin da zai koyar da wannan darasi da Hausa zai tarar harshen yana da mazari da sili da ƙugu da takwara, waɗanda ɗalibi ya riga ya san su tun daga gida. Abin da ya rage shi ne masana harshe da masana kimiyya su zauna tare su daidaita irin waɗannan kalmomi, domin bayanin sikila da ɓari da jinsin jariri ya isa ga mutanen da abin ya shafa a cikin harshen da suke tunani da shi.